LITTAFIN ƘOFA KADA YA KWANA A HANNUN MAI GADI

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta nemi a kashe wayar salula a waɗansu sassan jihar, aka kuwa kashe, ƙasar Birnin Gwari tana ciki. Zamfara ce ta fara tun farkon watan, Katsina da Sakkwato suka bi sawu a waɗansu ƙananan hukumominsu. Aka haɗa da hana hawan babur, da hana sayar da fetur a jarka, da rufe kasuwannin mako. Nufin hukuma a fili yake, ba kuma mugun nufi ba ne. Ɓarayin daji da waya suke aiki, da ita 'yan rahotonsu na cikin gari ke sanar da su wanda ya sayar da shanu ko ya kwashe masara, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. Saboda haka aka ce a toshe musu kunne. Sai wajen ƙarshen Nuwamba aka mayar da wayar a Kaduna.

Kusan wata biyu ke nan manomin wannan ƙasa, ko na Kuyello, ko na Randagi, ko na Saminaka, watau Saminakar Birnin Gwari ba ta Lere ba, in matarsa ta tashi haihuwa da dare ba shi da hanyar kiran mai mota, in ya hango ƙurar babura ta taso daga daji ba shi da hanyar gaya wa soja. Ba mu zo yau don mu tuhumi waɗanda suka yanke wannan shawara ba, gama wanda wuta ta kama wa gida ba ya tsayawa zaɓen ruwa. Amma ya kamata a tambaya, ina dalilin da Gwamnati, ga soja ga 'yan sanda ga kamfanonin waya duk a ƙarƙashin ikonta, ta rasa wata dabara sai ta rufe ƙofar gari a kan kowa da kowa? A ganinmu amsar ita ce, akwai littafi a bakin ƙofar, ana rubutu a cikinsa dare da rana, amma ba ya isa wurin mai karantawa a kan lokaci. Wanda ba ya iya rarrabe masu shiga, dole ya hana kowa shiga.

Mutanen da ba su jahilci wannan al'amari ba. Birnin Zariya yana da ƙofofinsa, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Tukur-Tukur, har da Ƙofar Kuyambana, wadda sunanta ɗaya da dajin nan na Zamfara da ya haɗe da dajin Kamuku na Birnin Gwari. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi ke rufewa in dare ya yi, ya buɗe da asuba. Amma aikinsa bai tsaya ga sakata ba. In ayari ya iso, ko wani baƙo da ba a yarda da kamanninsa ba, labari yakan riga shi isa fada. Haka fatoma ke kai maganar baƙonsa wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba.

Abin lura a nan shi ne, labarin ba ya kwana a ƙofa. Don me? Domin mai ƙofa mutum ɗaya ne, ƙofarsa kaɗai yake gani. Baƙo ɗaya a Ƙofar Doka ba kome ba ne. Amma in fada ta ji baƙo ɗaya a Doka, biyu a Gayan, uku a Kona, duk da yamma ɗaya, duk kuwa da kwari da baka, to, ta san abin da babu mai ƙofa guda da zai iya sani. Sa'an nan kuma mai ƙofa ana iya saye shi, ana iya ɗaure shi, barci yana iya sace shi. Labarin da ya riga ya bar hannunsa shi ne kaɗai ba a iya mayarwa ciki.

Ƙofar zamani

To, mai karatu zai ce, me ya haɗa wannan da waya? Duk wata hidima da ake yi da kwamfuta a yau tana da irin wannan ƙofa, ana kiranta ƙofar tantancewa. Akawun banki in ya zo aiki da safe sai ya rubuta sunansa da kalmarsa ta sirri, ƙofa ta duba, in sun dace ta buɗe masa. Mai POS na bakin kasuwa haka yake yi. Wakilin da ke yi wa layukan waya rajista shi ma haka, kafin ya ɗauki hoton mutum da zanen yatsunsa. Kai, ita kanta wayar da ke aljihunka, duk sa'ad da ta kama sabis, katin da ke cikinta sai ya gabatar da kansa ga kamfani ta wurin turken da ke kusa, a gaskata shi, sa'an nan a bar shi ya yi kira. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ƙofar takan rubuta saɗara guda, cewa ran kaza, da ƙarfe kaza da minti kaza da daƙiƙa kaza, suna kaza ya ƙwanƙwasa daga na'ura kaza, an buɗe masa ko an hana shi. Tarin waɗannan saɗarori shi muke kira littafin ƙofa.

Abin da muke roƙo kuwa ba shi da wuyar fahimta. Kowace saɗara, da zarar an rubuta ta, a tura kwafinta zuwa wani ɗaki dabam, ɗakin sa ido, wanda ba ya ƙarƙashin ikon mai kula da ƙofar. A can wata na'ura za ta riƙa tattara littattafan ƙofofi duka tana gwama su, da mutane zaune a gabanta dare da rana. A ce suna ɗaya ya kuskure kalmarsa sau ɗari biyar cikin awa guda, ai wani ne ke gwada mabuɗai. A ce kalma ɗaya aka gwada a kan suna dubu, kowane sau ɗaya tak don kada ƙofa ta kulle, wannan ma ɓarawo ne, sai dai ya fi na farko wayo, kuma ba a ganinsa sai an jera littafin duka an duba. A ce ma'aikaci ya shiga daga Kaduna, bayan minti goma sunansa ya shiga daga wata ƙasa ta ƙetaren teku, to, ba jirgin da ke da wannan gudu. A ce wakili ɗaya ya yi wa layi ɗari uku rajista tsakanin sha biyun dare da asuba a garin da tun isha aka kulle gidaje. Duk waɗannan na'ura tana iya tsinto su nan take, in dai littafin ya kai gare ta.

Ga wanda ke tsammanin wannan surutun 'yan boko ne kawai, bari mu ba shi labarin Bangaladash. A farkon watan Fabrairu na shekarar 2016 waɗansu ɓarayi suka shiga kwamfutocin Babban Bankin ƙasar, suka yi amfani da mabuɗan ma'aikatansa suka aika da umurni zuwa Babban Bankin Amurka na birnin Niyok, inda kuɗin Bangaladash ke ajiye, cewa a fitar da abin da ya kusa dala miliyan dubu. Mafi yawan umurnin an tsayar da shi, amma dala miliyan 81 ta fice zuwa ƙasar Filifin. To, a cikin bankin akwai wata na'urar buga takarda wadda aikinta shi ne ta riƙa buga kowane saƙo da ya shiga ko ya fita. Ɓarayin nan sun san da ita, saboda haka suka fara kashe mata baki. Ma'aikata suka zo ran Jumma'a, wadda ranar hutu ce a can, suka tarar ba takarda ko ɗaya, suka ɗauka lalacewa ce irin ta kullum. Sai ran Asabar suka samu ta yi magana. Kafin a kai ga tsayar da kuɗin, sun riga sun watsu.

Littafin yana ɗaki ɗaya da ƙofar, shi ya sa hannun da ya buɗe ƙofa ya kai gare shi. Da akwai wani ɗaki dabam da ke jiran saɗarorin nan suna zuwa, da shirun da aka yi ma ya isa a buga ƙararrawa. Wannan batu na shiru muna so ma'aikatanmu su riƙe shi da kyau. Ƙofar da ta saba aiko da labari kowane minti, ran da ta yi tsit, ba lafiya ba ce. Ko wuta ce ta ɗauke, ko waya ce ta tsinke, ko kuwa an ɗaure mai gadi. Sai an je an gani.

Mun tara littafi, wa ya karanta?

Mu dawo gida. Babu wanda zai ce Nijeriya ba ta tara sunaye ba. A shekarar 2011 aka tilasta rajistar layukan waya. A 2014 bankuna suka fito da lambar BVN. A watan Disamba na 2020 aka ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN, jama'a suka yi ta kwana a layi a ofisoshin hukumar, tsofaffi da masu goyo. Ran 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe mutane aka kwashe waɗansu zuwa daji. Bayan mako guda aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su da lambar ba. Amma fasinjojin nan na ƙarshe sai a watan Oktoba suka fito, wata shida da 'yan kwanaki, alhali kuwa a duk tsawon wannan lokaci ana magana da masu riƙe da su.

A watan Janairu na 2024 tsohon Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka kawo wannan tsari, ya fito fili ya ce tsarin ba shi da laifi, rashin amfani da shi ne daga hukumomin da abin ya shafa. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, maganar daga bakin mai gida ta fito. Ba a yi wata biyu ba, ran 7 ga Maris, aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta Ƙaramar Hukumar Chikun, maƙwabciyar Birnin Gwari, jaridu kuma suka ba da labarin an bugo waya ana neman naira biliyan ɗaya. Allah ya taimaka yara 137 suka dawo ran 24 ga watan.

A nan wajibi ne mu faɗi gaskiya, kada mu yi wa jama'a alkawarin da littafi ba zai iya cikawa ba. Ɓarawon daji ba wawa ba ne. Sau da yawa da wayar wanda ya kama yake kira, saboda haka sunan da ke jikin layin sunan mai kuka ne. Littafin ƙofa ba ya kama mutum, ba ya shiga Kamuku, ba ya hana harsashi. Amma ɓarawo ba ya rayuwa a daji shi kaɗai. Akwai mai sayo masa kati, akwai mai kai masa layin da aka yi wa rajista da lambar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, akwai mai karɓar masa kuɗi ta asusu. Waɗannan duka a gari suke, kuma kowannensu sai ya bi ta wata ƙofa ta tantancewa, ya bar sawu. Wayar wanda aka kama ita ma, duk sa'ad da aka kunna ta, sai ta gaisa da wani turke, turken kuwa an san inda aka kafa shi. Sawu ɗaya ba ya nuna kome. In an jera su wuri ɗaya a ranar da aka yi su, sai hanya ta fito. In kuwa sai bayan wata uku aka rubuta wasiƙa daga wannan ofis zuwa wancan ana neman kwafi, ai tarihi ake rubutawa.

Har ila yau akwai abin da ya fi wannan ciwo. Rumbun da muka tara sunayen nan shi ma ƙofa gare shi, kuma an ba bankuna da kamfanoni da wakilai mabuɗan tambaya. A watan Maris na 2024 wata jarida mai bincike ta bayyana cewa wani shafin intanet yana sayar da bayanan lambar ɗan ƙasa ga duk wanda ya biya. A watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta sami wani shafin da ke yin haka a kan naira ɗari, har ta ce ta sayi takardar Ministan Sadarwa Bosun Tijani don ta nuna gaskiyar maganarta. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, mu karɓi wannan. In ba a fasa bango ba, ta ƙofa ke nan aka bi, da mabuɗin wani da aka yarda da shi. Mabuɗin da aka bayar don tambaya kaɗan a yini, in ya koma yin dubbai, ai littafin ƙofa ne ya kamata ya fara kururuwa. Abin da jama'a suka gani shi ne daga waje aka fara ta. Mai karatu ya tuna fa, abin da naira ɗari ke saye a nan, watau suna da hoto da adireshi da lambar waya, shi ne ainihin abin da ɗan rahoton ɓarayi ke nema.

Yadda ake aikawa

Aikawar kanta tsohuwar sana'a ce. Akwai wata hanya da ake kira sislog, wadda aka ƙaga a Amurka tun cikin shekarun 1980, kusan kowace na'urar ƙofa ta iya ta. Sai dai a yadda aka fara yinta kamar jefa wasiƙa ce a akwatin gidan waya ba rajista, in ta ɓata a hanya ba wanda zai sani, kuma a buɗe take, kowa yana iya karantawa. Daga baya aka gyara, aka yi mata ambulan mai hatimi, aka kuma sami hanyoyin da mai karɓa ke sa hannu. Wannan ta biyun ita ta dace da mu. A ƙasa irin Birnin Gwari, inda wuta da sabis ke zuwa su tafi, dole na'urar ƙofa ta iya ajiye saɗarorinta in hanya ta yanke, ta tura su duka in ta dawo, ba tare da ta zubar da ko ɗaya ba.

Sai batun agogo, wanda ake rainawa. In agogon banki yana bayan na kamfanin waya da minti bakwai, mai gwama littattafan biyu zai ga an karɓi kuɗi kafin a yi kiran da ya jawo su, lauya kuwa zai yi dariya a gaban alƙali. Waɗansu na'urori da lokacin duniya suke rubutu, wanda Nijeriya ke gaba da shi da awa guda, waɗansu da namu. Dole a daidaita su duka a kan agogo ɗaya. Kuma akwai abin da bai kamata a aika ba ko kusa, watau kalmar sirri ita kanta, da lambar sirrin katin kuɗi. Littafi ya ce wane ya shiga, kada ya ɗauki mabuɗin wane ya kai wa wani.

Maganar kuɗi ita ce ke kashe irin wannan aiki a ɓoye. Manyan na'urorin sa ido irin su Splunk da Sentinel na kamfanin Microsoft, yawan abin da aka zuba musu shi ake biya, da kuɗin ƙasashen waje kuwa. Saboda haka in naira ta faɗi, sai ma'aji ya kira mai kula da kwamfuta ya ce a rage. Me za a rage? Sai a ce a bar aika saɗarorin waɗanda aka buɗe musu, a aika na waɗanda aka hana kawai. Kaito! Ɓarawon da ya saci mabuɗi ai buɗe masa ake yi. Amurka da kanta ta ɗanɗana wannan. A tsakiyar 2023 waɗansu masu kutse, waɗanda Amurka ta ce daga Sin suke, suka ƙera hatimin ƙarya suka shiga akwatunan wasiƙun ma'aikatun Gwamnati, suka kwashe wasiƙu wajen dubu 60 daga Ma'aikatar Harkokin Waje kaɗai. Ita wannan ma'aikata ce ta gano su, domin ta biya kuɗin cikakken littafi, tana kuma karantawa. Masu biyan kuɗi kaɗan ba a ba su wannan sashe na littafin ba, ko an shiga musu ba su da abin dubawa. Da surutu ya yi yawa kamfanin Microsoft ya yarda ya ba kowa, ya kuma ƙara kwanakin ajiya daga 90 zuwa 180. Ga ofishin da ba shi da dala akwai na'urori na kyauta irin su Wazuh, waɗanda ba sa bukatar kome sai ƙwararren mai riƙo da albashinsa.

Kada kuma a zaci in an sayi na'ura an gama. A 2013 aka sace bayanan katin kuɗi miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, ɓarayin sun shiga ne da mabuɗin wani ɗan kwangila mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Na'urar sa ido tana nan, ta kuwa yi ƙara, amma ba a tashi ba sai da aikin gama ya gama.

Doka da tsoro

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, a sashe na 38, ta wajabta wa masu ba da hidimar sadarwa su ajiye bayanan zirga-zirga da na masu layi har shekara biyu. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya ce wanda aka yi wa kutse ya kai rahoto cikin awa 72, maimakon kwana bakwai na da. Madalla da wannan. Amma mutum ba ya kai rahoton abin da bai gani ba, kuma ajiye littafi shekara biyu a cikin na'urar da aka yi wa kutsen daidai yake da ajiye shaidar sata a gidan ɓarawo. Abin da ya rage shi ne hukumomin da ke ba da lasin, watau NCC ga kamfanonin waya, Babban Banki ga bankuna da masu POS, NIMC ga wakilanta, su sa a cikin sharuɗɗan lasin cewa littafin ƙofa sai ya fita daga hannun mai ƙofa a cikin mintoci, sa'an nan su riƙa aika masu duba su gwada. Gwajin ba wuya. Mai duba ya kuskure kalmar sirri da gangan sau hamsin, ya zauna ya duba agogonsa, ya ga ko wani zai kira.

Akwai masu tsoron wannan shawara, kuma tsoronsu yana da hujja. Suna cewa ɗakin da ya san wa ya shiga ina, da ƙarfe nawa, ai shi ne babban ɗan rahoto. In ya faɗa hannun azzalumin mai mulki, 'yan jarida da 'yan hamayya za a bi da shi a bar ɓarayi. In kuwa ma'aikacinsa ya ci amana, manomin da kuɗin masararsa ya shiga asusu da rana zai ji babura da dare. Mutanen Birnin Gwari sun san sharrin ɗan rahoto fiye da kowa, ba sai an koya musu ba.

Amsarmu ita ce, ɗakin sa ido shi ma ƙofa gare shi, ita ma a rubuta littafinta, a tura wani wuri na uku. Duk jami'in da ya nemi sanin inda layi kaza yake, sunansa da lokacinsa da lambar takardar izininsa su shiga saɗara, inda hannunsa ba zai kai ya goge ba. Ƙa'idojin da NCC ta fitar a 2019 sun ce sauraron wayar mutane a bisa asali sai da izinin alƙali, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta kafa hukuma mai ikon bincike da cin tara. Amma alƙali da hukuma da me za su yi hukunci in babu rubutu? Mu lura kuma, yadda abin yake in ba a aika littafi ko'ina ba, mai riƙe da mabuɗi yana iya leƙa sirrin kowa, ya share sawunsa, ba wanda ya sani. Kuma ba mu ce a tara littattafan ƙasa duka a ɗaki ɗaya ba. Kowace hukuma da nata ɗakin, abin da zai ƙetara daga wannan zuwa wancan ya bi ta hanyar doka, amma ya bi da sauri.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da waɗansu daga cikin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi shekaru a rufe. Ciniki in ya farfaɗo, kuɗi ya riƙa yawo ta waya da POS, ƙofofin nan za su ƙaru, masu ƙwanƙwasa su na kirki da na banza su ma su ƙaru. A 2025 Babban Banki ya ba da umurni kowace na'urar POS a ɗaure ta da wurin da aka yi mata rajista, ta riƙa nuna inda take aiki. Wannan wata sabuwar saɗara ce a littafi, mai amfani ƙwarai ga ƙasa irin wannan, muddin akwai inda take zuwa.

Saboda haka muna kira ga wakilan wannan ƙasa a Majalisar Jiha da ta Tarayya, da Majalisar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, in sun zauna da manyan kamfanonin waya da na bankuna kada su tsaya ga roƙon a ƙara turaku kaɗai, ko da yake turakun ma ana bukata. Su tambaye su, in wakilinku ya yi wa layi rajista da ƙarfe biyun dare a garinmu, wa ke gani, a wane ɗaki, bayan minti nawa, kuma wa yake gaya wa? Su kuma nemi a ɗauki 'ya'yan ƙasar aiki a waɗannan ɗakuna. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna yaye masu ilmin kwamfuta kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Na'ura za ta ce abu kaza ya faru a Saminaka. Sai an sami mutum a kan kujera wanda ya san cewa Saminaka ba ɗaya ba ce a Jihar Kaduna, ya san ranar kasuwar kowane gari da lokacin da ake kwashe amfanin gona, kafin a san ofishin 'yan sandan da za a buga wa waya.